RUWA BA YA TSAMI BANZA: YADDA AKE GANE ABIN DA KE DAMUN ITATUWAN GIDA DA NA LAMBU

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami gidan Bahaushe mai ɗan fili, ko a ƙasar Hausa ko a Sabo ta Ibadan ko Agege ta Legas, wanda ba a dasa wani itace a cikinsa ba. Wani mangwaro ne a tsakar gidansa, wani gwaiba ko lemo ko gwanda, wani kuwa zogale da lalle ne a bayan ɗaki, ga darbejiya a ƙofar gida inda dattawa ke shimfiɗa tabarma. Ana shan inuwarsu da 'ya'yansu, ana miya da ganyensu, amma ba a cika kula da lafiyarsu ba sai ranar da aka wayi gari aka ga ganye yana zuba.

Abin da yakan biyo baya sananne ne. Maigida zai ce ƙishirwa ce, sai a shiga kwarara ruwa safe da yamma. Idan abin bai gyaru ba a sayo takin zamani a zuba a gindi. Idan ya ci tura a nemo maganin feshi, wanda sau da yawa mai sayarwar bai taɓa ganin itacen ba. Bayan wata uku ko huɗu itacen ya bushe, sai a ɗora laifin a kan gara, wasu ma su ce baki ne ko sammu. Ta haka ake asarar itacen da aka yi shekara biyar ko goma ana reno, ga asarar kuɗi, ga guba da aka watsa a inda yara ke wasa.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana hanyar da ake bi a gano abin da ke damun itace tun kafin a kai ga ba shi magani. Dalili kuwa shi ne, alama guda, kamar yaushin ganye, tana iya fitowa daga matsaloli daban-daban, har ma waɗanda suke kishiyoyin juna. Wanda bai bambance su ba yana iya yin gyaran gangar Auzinawa.

2.0 Yadda Itace Yake Rayuwa

Kafin a gane ciwo sai an san yadda jiki yake aiki. Itace yana da manyan sassa uku: saiwa, da gangar jiki tare da rassa, da kuma ganye.

Saiwa ce ke zuƙo ruwa da sinadaran abinci daga ƙasa. Mutane da yawa suna zaton saiwoyin itace can ƙasa suke nutsawa kamar rijiya. Gaskiya ne wasu itatuwa suna da doguwar saiwa mai neman ruwa a zurfi, amma ƙananan saiwoyi masu kama da gashi, waɗanda su ne ke yin mafi yawan aikin sha, suna kwance ne a saman ƙasa, galibi a zurfin da bai wuce santimita 60 ba. Sukan kuma bazu har su wuce iyakar inuwar itacen. Wani abin lura shi ne saiwa tana numfashi. Tana bukatar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, kuma idan ruwa ko siminti ya toshe wannan iska, saiwar takan shaƙe ta mutu.

A gangar jiki akwai hanyoyi biyu. Ruwa yana hawa sama ta cikin itacen da ke ƙarƙashin ɓawo. Abincin da ganye ya sarrafa da hasken rana kuwa yana saukowa zuwa saiwa ta wani siririn shimfiɗi mai laushi da ke manne da ɓawon daga ciki. Ke nan ganye yana ciyar da saiwa, saiwa tana shayar da ganye. Duk abin da ya katse ɗaya daga cikin hanyoyin nan, a ganye za a fara ganin alamarsa, ko da kuwa ainihin matsalar tana can cikin ƙasa. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ganye shi ne fuskar itace, sai dai yakan nuna cewa akwai damuwa ba tare da ya faɗi inda take ba.

3.0 Ba Kowace Zubar Ganye ce Ciwo ba

Matakin farko shi ne mutum ya san ɗabi'ar itacen da yake dubawa. Kuka takan kaɗe ganyenta tas da rani ta tsaya tsirara, ta sake toho idan damina ta matso. Gawo kuwa akasin haka yake yi: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Baƙon da ya ga gawo a watan Agusta zai rantse ya mutu, alhali lafiyarsa lau. Zogale ma yakan rage ganye sosai da hunturu.

Haka nan sabon tohon mangwaro yakan fito ja-ja ko ruwan ƙasa, ya yi laƙwas kamar wanda ya yi yaushi, sai bayan 'yan makonni ya yi ƙwari ya koma kore. Mangwaro kuma yakan zubar da mafi yawan hudarsa da ƙananan 'ya'yansa da kansa, domin ba zai iya renon duka ba. Gwanda da dabino suna da mace da namiji. Namijin gwanda zai yi ta fure a dogayen silla ba tare da ya ba da 'ya'yan kirki ba, kuma babu takin da zai sauya shi. Tsofaffin ganyaye 'yan kaɗan da suke rawaya suna faɗuwa daga ƙasan itace su ma ba abin tayar da hankali ba ne.

Akwai kuma batun muhalli. Ruwan saman da ake samu a Sakkwato a shekara bai cika wuce milimita 700 ba, na Legas ya haura 1,500, na Fatakwal kuwa ya zarce 2,000. Dabinon da aka ɗauko daga Arewa aka dasa a Kudu yana iya tsayuwa ya girma, amma da wuya ya nuna 'ya'ya masu kyau, saboda dabino yana son busasshiyar iska lokacin nuna. Irin wannan itace ba ciwo yake yi ba, wurin ne bai karɓe shi ba.

4.0 Tambayoyin Farko

Likitan kirki ba ya rubuta magani sai ya yi tambaya. Haka ya kamata mai duba itace ya yi, ya tambayi kansa ko mai gidan: Yaushe aka dasa itacen? Yaushe aka fara ganin canji? Farat ɗaya abin ya zo ko a hankali? Me aka yi a kusa da shi a cikin shekara ɗaya ko biyu da suka wuce? An haƙa tushen gini ko shadda ko kwata? An yi daɓen siminti? An yi feshin ciyawa? An ƙona shara? An sauya inda ruwan wanki ke bi?

Tambayar shekara ɗaya ko biyu tana da muhimmanci, domin babban itace ba ya nuna rauni nan take. Yana da ajiyar abinci a jikinsa da zai ci gaba da rayuwa a kai. Sau da yawa itacen da aka datse wa saiwoyi wajen haƙa tushen katanga ba ya fara bushewa sai bayan an gama ginin an yi fenti an manta.

Bayan tambaya sai a ja da baya a dubi lambun gaba ɗaya. A nan akwai wata ƙa'ida mai sauƙi da masana ke amfani da ita. Idan shuke-shuke iri daban-daban, misali lemo da lalle da furannin ado, duk suka nuna alama iri ɗaya a lokaci guda, musamman a ɓangare guda na gida, to mai yiwuwa matsalar ba ta mai rai ba ce: ruwa ne, ko guba, ko wuta, ko zafi. Idan kuwa iri guda ne kawai ya kamu, abin kuma yana yaɗuwa sannu a hankali daga reshe zuwa reshe ko daga itace zuwa ɗan'uwansa, to a fi zargin ƙwari ko cuta, domin yawancinsu suna da irin itacen da suka fi so.

5.0 Binciken Gindi da Saiwa

Mafi yawan matsalolin itatuwan gida daga ƙasa suke farawa, don haka daga nan ya kamata a fara dubawa.

5.1 Ƙarancin Ruwa da Yawansa

Wannan shi ne wurin da aka fi yin kuskure. Itacen da ke jin ƙishirwa yana yaushi. Itacen da ruwa ya yi wa yawa shi ma yana yaushi, saboda saiwoyinsa sun ruɓe ba sa iya zuƙo ruwan da suke kwance a ciki. Wanda ya ga yaushi ya ƙara ruwa ba tare da ya duba ba, yana iya ƙarasa itacen da hannunsa.

Hanyar bambancewa ba ta da wuya. A tona ɗan rami mai zurfin taƙi ɗaya ko biyu a ƙarƙashin bakin inuwar itacen, a damƙi ƙasar. Idan ta watse kamar gari, ƙishirwa ce. Idan ta dunƙule tana ɗigar ruwa, ko tana wari kamar na kwata, ruwa ya yi yawa. A duba ƙananan saiwoyin da aka tono. Mai lafiya fara ce ko ruwan madara, tana da ƙwari. Ruɓaɓɓiya baƙa ce ko ruwan ƙasa, tana da laushi, fatarta kuma tana saɓulewa idan an ja. Itacen da ke jin ƙishirwa yakan yi yaushi da rana ya farfaɗo da asuba, gefen ganyensa ya ƙone ya yi ƙaras-ƙaras. Wanda ruwa ya yi wa yawa kuwa ganyensa yakan yi rawaya da taushi, kuma ba ya farfaɗowa ko an shayar da shi.

Gwanda da zogale ba sa jure kwanciyar ruwa ko kaɗan, 'yan kwanaki sun isa su kashe gwanda. Mai son dasa su a ƙasar laka ko inda damina ke da ƙarfi sai ya yi musu tudu. A ƙasar jigawa kuwa kuskuren da aka fi yi shi ne yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan kullum, wanda ba ya wuce saman ƙasa. Gara a shayar sosai sau ɗaya ko biyu a mako, ruwan ya nutsa, a kuma rufe gindin da busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa jikin itacen ba.

5.2 Kurakuran Dashe

Wasu itatuwan tun ranar dashe aka yanke musu hukunci. Akwai masu binne dashe da ledarsa, ko su yage gindinta kawai. Akwai dashen da ya daɗe a leda har saiwarsa ta nannaɗe kamar gammo. Irin wannan saiwa takan ci gaba da zagayawa a cikin rami, bayan shekaru ta shaƙe gindin itacen. Akwai kuma zurfafa dashe. Itacen da aka dasa daidai gindinsa yakan buɗe kaɗan a inda ya haɗu da ƙasa. Idan aka ga ya shiga ƙasa a miƙe kamar turken wutar lantarki, to an binne shi da yawa, ko an tara masa ƙasa daga baya, kuma ɓawon da ke binne yakan ruɓe. Ga lemo da mangwaro masu aure, wajibi ne mahaɗar auren ta kasance a sama da ƙasa sosai.

Idan aka tono saiwar gwaiba ko gwanda aka ga ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, wannan aikin wasu tsutsotsi ne ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda suka fi yawa a ƙasa mai rairayi. Irin wannan itace yakan tsumbure, ya riƙa yaushi ko da akwai danshi.

5.3 Siminti, Wuta da Guba

A birane yanzu an fi son a shafe tsakar gida da siminti, a bar wa itace ɗan zagaye kamar faifai. Tunda saiwoyin sha sun wuce iyakar inuwa, wannan ɗan zagaye bai isa ruwa da iska su shiga ba. Haka ma ajiye mota kullum a ƙarƙashin itace yana danne ƙasa ta yi tauri.

Ƙona shara a gindi yana dafa ɓawon ɓangaren da wutar ta taɓa, bayan watanni ɓawon ya ɗaye, rassan wannan ɓangare su bushe. Baƙin man janareto, da ruwan wanki mai yawan sabulu da bilic, da ruwan gishiri, duk guba ne ga saiwa. Taki ma idan ya yi yawa guba ne. Yuriya ko NPK da aka tara a jikin gindi, ko ɗanyen kashin kaji da bai ruɓe ba, suna janye ruwa daga saiwa, sai a ga bakin ganye ya ƙone cikin 'yan kwanaki. Maganin kashe ciyawa da iska ta kwaso yakan sa sabon toho ya murɗe, ganye ya fito siriri ko ya nannaɗe, kuma za a ga haka a ɓangaren da ke fuskantar inda aka yi feshin.

6.0 Binciken Gangar Jiki da Rassa

Daga gindi sai a hau sama, a zagaya itacen gaba da baya.

Abu na farko da za a nema shi ne rauni a ɓawo. Masu neman sassaƙe don magani sun kashe maɗaci da mangwaro da darbejiya masu yawa. Idan sassaƙar ta tsaya a gefe guda itacen yana iya rufe ta a hankali. Idan kuwa ta zagaye jikin gaba ɗaya, hanyar abinci zuwa saiwa ta yanke. Abin mamaki shi ne itacen zai ci gaba da zama kore na tsawon watanni, domin ruwa yana hawa, har sai saiwar ta cinye ajiyarta ta mutu da yunwa. Awaki masu gaigayar ɓawo, da wayar shanya, da igiyar ɗaure dabba da aka manta har ta nutse a jiki, duk ɓarna iri ɗaya suke yi.

Na biyu shi ne ƙaro. Idan gindin lemo yana fitar da ƙaro mai ruwan zuma, ɓawon wurin ya yi duhu yana tsagewa, wannan cutar ruɓewar gindi ce da ke zaune a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Takan kama lemon da aka binne da zurfi, ko wanda ake tara wa ruwa a jikin gindi. Taimakon farko shi ne a janye ƙasar da ta rufe gindin, a yi kwarin shayarwa nesa da jiki, a kankare ruɓaɓɓen ɓawon a shafa maganin fumfuna mai sinadarin tagulla.

Na uku, ƙananan ramuka da garin itace yana zubowa daga cikinsu kamar na masassaƙi. Wannan alamar tsutsar ƙwaro ce mai huda itace daga ciki. Reshen da ta shiga yakan bushe shi kaɗai, sauran na kore.

Na huɗu ita ce gara, wadda aka fi ɗora wa laifi. Gaskiya ne gara tana kashe ƙananan dashe, musamman na itacen turare a lokacin rani. Amma a babban itace yawanci mataccen ɓawo da busasshen itace take ci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya ga gara a jikin mangwaronsa ya kamata ya kankare ginin nata ya duba ko akwai tsohon rauni, ko ƙuna, ko ruɓa a ƙarƙashi.

Na biyar shi ne kauci. Kowa ya san shi a matsayin magani, amma ga itacen da yake kai, ɗan cin arziki ne mai kashe mai gida. Tsuntsaye ne ke shan 'ya'yansa su manna irin mai danƙo a reshe, ya tsiro ya kafa bakinsa cikin itacen yana shan ruwansa. Yana kama lemo da gwaiba da kaɗanya da ɗorawa da goro. Fizge ganyensa ba ya hana shi dawowa, sai an sare reshen daga can ƙasan inda ya kumbura.

Na ƙarshe, kuma mafi haɗari ga mutane, shi ne laimar kwaɗi, musamman mai tauri da ke fitowa kamar faranti a manne da gindi. Fitowarta na nufin cikin itacen ko manyan saiwoyinsa sun daɗe suna ruɓewa. Irin wannan itace yana iya zama kore shar, iskar farkon damina ta kayar da shi a kan ɗaki. Idan babba ne kuma yana kusa da gini ko wurin zaman jama'a, a nemi ma'aikatan gandun daji su duba shi ba tare da jinkiri ba.

7.0 Karatun Ganye

Sai a nan ne ya kamata a koma ga ganye, kuma a duba shi ciki da bai, domin yawancin ƙwari a bayan ganye suke ɓuya.

Rawayar ganye iri-iri ce, kuma wurin da ta fara shi ne mabuɗi. Idan tsofaffin ganyaye na ƙasa ne suka fara yin fari-fari gaba ɗayansu, itacen kuma ba ya girma, galibi ƙarancin naitirojin ne, domin itace yakan kwashe wannan sinadari daga tsohon ganye ya kai wa sabo. Idan kuwa sabon toho ne ya fito rawaya amma jijiyoyinsa na kore kamar raga, to sinadarin ƙarfe ne ya gaza. Sau da yawa sinadarin yana nan a ƙasar, ɓaraguzan siminti ko farar ƙasa ko yawan toka ne suka hana saiwa ɗaukarsa, ko kuma kwanciyar ruwa. A irin wannan hali ƙara yuriya ba zai amfana da komai ba.

Idan ganye yana ƙyalli yana danƙo, ko ya rufe da baƙin abu kamar kunkunniya, a goga da yatsa. In baƙin ya fita ya bar kore a ƙasa, to fumfuna ce da ke tsirowa a kan darɓa, wato ruwa mai zaƙi da ƙananan ƙwari masu tsotso suke fitarwa. Wasunsu farare ne kamar auduga, wasu kamar ɓawon kifi suke a manne ba sa motsi. Jerin tururuwa masu hawa da sauka alama ce ta cewa suna nan, domin tururuwa na shan zaƙin tana kuma kare su daga maƙiyansu. A ƙaramin itace, wanke su da ruwan sabulu marar ƙarfi ko ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya da yamma yakan wadatar idan an maimaita.

Ɗigo-ɗigon baƙi a ganye da huda da 'ya'yan mangwaro lokacin ruwa da raɓa cutar fumfuna ce da ta fi tsanani a wurare masu laima. Farin gari a kan huda lokacin sanyi wata fumfunar ce daban. Dukansu suna raguwa idan aka rage cunkoson rassa iska ta ratsa, aka kuma kwashe abin da ya zuba. Mangwaron da ya nuna aka fasa aka tarar da tsutsa kuwa aikin ƙudan 'ya'yan itace ne. Wani mugun nau'insa ɗan asalin Asiya an fara ganinsa a Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya iso Afirka ta Yamma. Babban matakin rage shi shi ne tsince 'ya'yan da suka faɗi a binne su da zurfi.

A nan ɗalibin harshe yana da abin lura. Hausa ta bambanta yaushi da yanƙwanewa, ta bambanta bushewa da ƙuna, da tsumburewa, da ruɓewa. Kowace kalma tana nuni ga yanayi daban. Wanda ya je wurin malamin gona ya ce "itacena ya lalace" bai ba shi abin kamawa ba. Wanda ya ce "sabon toho ne ke fitowa rawaya, jijiyoyin na kore, kuma bara aka yi daɓe a gindin" ya riga ya yi masa rabin aiki.

8.0 Darasi Biyu Daga Tarihi

A farkon shekarun 1980 wani farin ƙwaro mai kama da auduga ya ɓulla a Ghana da Togo, ya bazu zuwa Benin da Nijeriya. Mangwaro da lemo suka yi baƙi ƙirin, 'ya'ya suka ragu, mutane suka yi ta feshi, wasu suka sare itatuwansu. Da masana suka bincika sai suka gano cewa ƙwaron baƙo ne daga Asiya, ya zo ba tare da maƙiyansa na asali ba. Aka samo wani ɗan mitsitsin zanzaro daga Indiya mai yin ƙwai a jikinsa, aka fara sakinsa a Togo a 1987, daga baya cibiyar binciken aikin gona ta IITA, mai hedikwata a Ibadan, ta yaɗa shi a sauran ƙasashen yankin. Cikin 'yan shekaru annobar ta lafa. Sanin asalin ƙwaron ne ya kawo maganin. Wannan kuma yana nuna illar feshi barkatai, domin yana kashe irin waɗannan ƙwari masu taimako.

Darasi na biyu ya shafi darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, wasu maina, wasu bedi. Asalinta daga yankin Indiya ne. A shekarun 1980, bayan farin da aka sha a yankin Sahel, wani ƙwaro mai mannewa a ganye ya auka wa darbejiyoyin yankin Tafkin Chadi. A 1990 kuma aka ba da rahoton wata irin ramar darbejiya a Jamhuriyar Nijar, inda ganye ke zubewa ya bar ɗan tuntu a ƙarshen reshe. Binciken da aka yi bai kama wata ƙwayar cuta guda da za a ɗora wa laifin ba. Hankalin masana ya fi karkata ga wahalar da itatuwan suka sha ta fari da taurin ƙasa. Abin koyo a nan shi ne, sau da yawa matsala biyu ko uku ne ke haɗuwa, ɗaya ta raunana itace, wata ta zo ta ƙarasa shi.

9.0 Yana da Sauran Rai ko Ya Mutu?

Kafin a ɗauko gatari, a kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce ko wuƙa. Idan ƙarƙashinsa kore ne mai danshi, da sauran rai. Idan ruwan ƙasa ne busasshe, a sauko a gwada babban reshe, sannan gangar jiki. Reshe mai rai yana lanƙwasuwa, matacce kuwa karyewa yake yi ƙaras. Itacen da aka tarar da kore a jikinsa a ba shi lokaci har damina ta zagayo. Sai dai a lura da itace mai aure: idan saman ya mutu, toho ya fito daga ƙasan mahaɗa, wannan tohon na uwar gindi ne, ba zai ba da irin 'ya'yan da aka saya dominsu ba sai an sake yi masa aure.

Idan an gano matsala a gyara abu ɗaya, a jira mako biyu zuwa huɗu, a duba sabon toho. Ganyen da ya riga ya ƙone ba ya komawa kore, sabon da ya fito shi ne shaida. Kada a ba itacen da saiwarsa ke ciwo takin zamani. Matattun rassa a yanke su da kaifin zarto dab da mahaɗarsu, kada a bar kututture, kada kuma a shiga cikin gangar jiki. Idan abin ya gagara, a ɗauki reshe mai ɗauke da ɓangare mai lafiya da marar lafiya, da ɗan saiwa da ƙasa, da hoton itacen gaba ɗaya, a kai wa malaman gona na jiha ko tsangayar aikin gona ta jami'a. A Ibadan akwai cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da ta binciken gandun daji, FRIN, waɗanda wannan fanni nasu ne.

10.0 Kammalawa

A wannan maƙala an yi ƙoƙarin nuna cewa gano ciwon itace aiki ne mai tsari. Ana farawa da sanin ɗabi'ar itacen, sai tambayar abin da ya faru a kewayensa, sannan a duba ƙasa da saiwa, a hau gangar jiki, a ƙare da ganye. An ga cewa yawancin abin da ke kashe itatuwan gida daga hannunmu yake fitowa: yawan ruwa, zurfafa dashe, daɓe, wuta, sassaƙe da taki fiye da kima. Ƙwari da gara sukan zo ne daga baya. Muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, kowa ya zaɓi itace guda a harabar makaranta ko a gida, ya bi waɗannan matakai, ya rubuta abin da ya gani da Hausa. Zai ƙaru da kalmomi, kuma wataƙila ya ceci inuwar da wasu za su sha bayansa. Allah Ya sa mu dace.